Fizar garin alkama ta gagare ni

Assalamu alaikum 'yan uwa, ku agaza min. Tunda likita ya ce maigida ya rage fulawa da maiƙo saboda ciwon suga, na koma yin fiza da garin alkama, awara kuma a madadin cuku. Kofi 2 nake kwaɓawa da yis da ruwan ɗumi, ya tashi awa 1, in gasa a tukunya kan yashi. Sai ƙasan ya yi tauri kamar gurasar da ta kwana, tsakiya kuwa ta jiƙe sharkaf da ruwan tumatir. Sau 3 ke nan, har yara sun fara yi min dariya. Kwaɓin ne ya yi ƙarfi, ko wutar ce ta yi yawa? Ko tumatirin ya kamata in fara tsane ruwansa?