Shawarwarin da aka ba ƙanenmu mai cacar ƙwallo

Bayan Isha'i muka zauna a majalisarmu ta Mabera kan wani ƙanenmu da ke cacar ƙwallo a waya. Wata rana ya ci, sai ya yi wata biyu aljihu fayau, amma yana son fara zuba jari.

Baba Malam bai ɓoye masa ba. Ya ce, ɗana, Suratul Ma'ida aya ta 90 ta haramta caca, kuma kuɗin da ba ka san ranar zuwansu ba, ba a ɗora lissafi a kansu. Ka fara neman sana'a tukuna. Na yarda da shi ƙwarai.

Sauran shawarar ta shafi abin da zai samu daga sana'ar: ya ware na cefanen wata uku kafin komai. Adashi na hana hannu ƙaiƙayi. Ajiyar albasa akwai riba, amma damshi kan ruɓar da rabin rumbu, don haka kada ya zuba abin da asararsa za ta hana shi barci. Wani ya ambaci sukuk ɗin gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara a 2017, ba kuɗin ruwa ciki.

Shi dai tunkiya biyu ya ce zai saya a kasuwar Kara.