Ejan ya ce in shiga Saudiyya da bizar Umara, a can za a juya min ita ta aiki. Haka ake yi?

Mai_Sanyi_Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda ke zaune a Saudiyya ko suka taɓa zama.

Ni mai gyaran AC da firji ne a nan Kano, shekarata 11 a sana'ar, kuma ina da takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago. Matata ɗaya, yara biyu. Lokacin zafi aiki sai wanda na zaɓa, daga Maris zuwa Mayu ko abincin rana sai la'asar nake ci. Amma da hunturu ya kama sai mu zauna bakin shago muna ƙirga Adaidaita. Ga gas da bututun tagulla kullum farashi sama yake yi, kwastoma kuma gani yake kai ne ka ƙara.

Abokin wan matata ya haɗa ni da wani ejan. Ya ce in kawo naira miliyan 3 da dubu 200, zai yi min bizar Umara, in na sauka Jidda akwai wani Balarabe mai kamfanin gyaran AC da zai karɓe ni ya yi min igama, wato katin izinin zama a ƙasar. Albashi riyal 2,500, ɗaki kyauta. Na riga na ba shi dubu 400 kafin alƙalami, har da sabon fasfo ɗina da na biya dubu 100 aka yi min. Cikon kuɗin sai na sayar da ɗan filina na Rijiyar Zaki, har an yi tayi.

Hajiyarmu ta ce ita hankalinta bai kwanta ba, ni ma tun da ta faɗa barcina ya ragu. Shin da gaske ana juya bizar Umara ta koma ta aiki? In ba a yi, ta ina mutum irina yake bi ya samu izinin aiki na gaskiya?

Abu_Khalid_Riyad:

Wa alaikumus salam Malam Mai Sanyi. Kar ka sayar da filin nan. Na fara da wannan ne don ko ba ka karanta sauran ba.

Shekarata bakwai a Riyad, ina aikin lantarki a wani kamfanin gine-gine. Bizar Umara ta ibada ce, wata uku ake ba ka, kuma doka ta hana aiki da ita. Babu Balaraben da zai ɗauke ta ya kai ofishin jawazat, wato hukumar shige da ficensu, a mayar da ita igama. Wanda ya ce maka yana yi, ko dai bai sani ba, ko ya sani yana so kuɗinka.

Bizar aiki daga can take tasowa, ba daga nan ba. Kamfanin da ke son ka shi ne zai nemi izinin ɗauko ma'aikaci daga hukumar ƙwadagonsu, a ba shi lambar biza mai ɗauke da sunan ƙasa da sunan sana'a. Sai ya ba wani ejan a Najeriya wakala, wato wakilcin ya kammala masa takardunka. Kai kuma a turo maka kwantiragi ka karanta ka sa hannu, ka yi gwajin lafiya a asibitin da suka amince da shi, ka karɓo takardar shaidar 'yan sanda cewa ba ka da laifi, a ɗauki hoton yatsunka, sannan biza ta fito ta hannun ofishin jakadancinsu na Abuja ko ƙaramin ofishinsu da ke nan Kano. Kana tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ka riga ka san sunan kamfanin da garin da za ka. In ka sauka a sake gwada lafiyarka, kamfani ya fitar maka da igama cikin kwana 90.

Maganar kuɗi kuwa, sashe na 40 na dokar ƙwadagon Saudiyya ya ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci, da na igama, da na izinin aiki da sabunta su, har da tikitin komawa gida bayan kwantiragi, duk a wuyan mai ɗaukar aiki. Ban ce ejan ba ya cin komai ba, kowa ya san suna karɓar nasu. Amma in ka ga kai ne ke biyan komai daga farko har ƙarshe, to babu kamfanin da ke jiranka.

Ka ce masa ya nuna maka abu uku: lasisinsa na ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, lambar bizar, da kwantiragi mai sunan kamfanin da lambar rajistarsa. Ka lura da fuskarsa lokacin da kake tambaya.

Baba_Na_Jidda:

Ɗana, bari in ba ka nawa, don ni ta wannan ƙofar na shiga.

Da Umara na je, na yi shekara shida ban da takarda ko ɗaya. Takari sosai. Ba zan yi maka ƙarya ba, na samu kuɗi, gidan da nake ciki yanzu a Unguwa Uku daga can ya fito. Amma wancan zamani ne. Lokacin in ka san lungu ka san mutane kana iya lallaɓawa. Yanzu layin waya, asusun banki, hayar ɗaki, asibiti, komai sai da lambar igama da yatsa.

Kuma ko a lokacin ma, wace rayuwa? Na yi wa wani mutum aikin fenti wata biyu cur a wani bene, ranar biya ya ce in tafi ko ya kira 'yan sanda. Na tafi. Wa zan kai wa ƙara, ni da nake gudun inuwata? Mahaifina ya rasu ina can, ta waya na ji, ban samu jana'iza ba, ban samu zaman makoki ba, don in na fito babu komawa. Ranar da aka kama ni burodi na fita saye da silifas. Da silifas ɗin aka kai ni tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a koro, na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, da su na sauka Kano. Kayana da kuɗin da ke ƙarƙashin katifa har yau ban san wanda ya ci ba. An ɗauki yatsuna, an rufe min ƙofa. Yanzu kuma wanda ya wuce wa'adin bizarsa tarar tana iya kai riyal 50,000, da ɗauri har wata shida kafin a koro shi.

Kai mai sana'a ne a hannu, ga iyali. Ka ji maganar Hajiyarka.

Dan_Kantin_Kwari:

To ni dai a ganina kuna tsorata shi da yawa. Ya bar Umarar, ya nemi firi biza. Ƙanina da ita ya tafi, yana da igamarsa lafiya lau, yana aikin kansa, duk wata ya ba kafili, wato mutumin da igamar ke ƙarƙashin sunansa, wani abu shi ke nan. Ai ya fi zama ƙarƙashin kamfani ana yi maka albashin da bai taka kara ya karya ba.

Ummu_Hanifa_Dammam:

Yaya Dan Kantin Kwari, Allah ya ƙara rufa wa ƙaninka asiri, amma abin da ake kira firi biza babu shi a dokar ƙasar nan. Biza ce ta wani mutum da ya karɓo da sunan yana buƙatar ma'aikaci, ya sayar. Igamar ta gaske ce, amma duk ranar da aka same ka kana aiki a wurin da ba na mai sunan da ke kan igamarka ba, kun karya doka kai da shi. Ga shi kai ke biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, kuma ranar da kuka saɓa, ko ya ga za a kama shi, sai ya shigar da rahoton ka gudu, abin da muke kira hurub. Daga nan ka zama ɗaya da wanda ya shigo da Umara ya maƙale. A asibitin da nake aiki mun sha ganinsu, sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke zuwa, inshora ta mutu tare da igama.

Malam Mai Sanyi, ni nas ce, hanyarmu ta fi taku tsawo. Sai da kamfanin DataFlow ya tantance takarduna, na rubuta jarrabawar ƙwarewa ta Prometric, hukumar lafiyarsu ta yi min rajista, na kai takardun makaranta Abuja aka buga hatimi a Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje. Kusan shekara na yi ina wannan zirga-zirga. Amma abu ɗaya ya haɗa mu, shi nake so ka riƙe: sana'ar da aka rubuta a kan bizarka.

Ejan da yawa za su kawo maka biza ta gaske, amma an rubuta direban gida ko ma'aikacin gida, su ce ai suna ne kawai, in ka je ka yi gyaran AC ɗinka. Ba suna ba ne kawai. Sauye-sauyen da suka fara aiki a Maris 2021, waɗanda suka ba ma'aikaci damar sauya kamfani bayan shekara ɗaya ba sai kafili ya yarda ba, da damar neman bizar fita da kansa, ba su shafi 'yan aikin gida da direbobin gida da masu noma da makiyaya ba. Su tsarinsu daban ne, na 'yan aikin gida da direbobin gida ta shafin gwamnati na Musaned yake bi. Kai kana buƙatar bizar kamfani mai sunan sana'arka, wadda kwantiraginta zai shiga Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadagonsu, ka gan shi a wayarka ka amince. A ƙarƙashinta aiki awa 8 ne a rana, awa 6 da azumi, hutun shekara kwana 21, inshorar lafiya a wuyan kamfani, kuma in an yi wata uku a jere ba a biya ka ba kana da damar barinsu. In ka gama kana da kuɗin sallama, rabin albashin wata a kan kowace shekara a biyar na farko.

Rubutun Larabcin da ke cikin kwantiragin shi ne abin da kotu ke dubawa. Ka nemi wani malamin Islamiyya a unguwarku ya karanta maka layi-layi, ka ji ko riyal 2,500 ɗin tsabar albashi ne ko an cusa kuɗin abinci da na ɗaki a ciki. Ni nawa sai da na zo na gane an haɗa da kuɗin mota.

Sannan ka karɓo fasfonka yau. Ko a nan doka ta hana kafili riƙe fasfon ma'aikaci, balle wani ejan a Kano da ko biza bai nuna maka ba.

Mai_Sanyi_Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, labarin silifas ɗin nan na karanta wa Hajiya, ta yi shiru, sai ta ce in gaishe ka.

Na je wurinsa jiya bayan azahar, ni da wan matata. Na tambayi abu ukun da Malam Abu Khalid ya ce. Lasisi ya ce yana wurin ogansa a Legas. Lambar biza ya ce ai sai na sauka. Sunan kamfani ya ce in ban yarda da shi ba in fito fili in faɗa, mutum nawa ya kai Makka kafin a haife ni. Ya jefo min fasfo a kan tebur. Kuɗin kuwa ya ce an riga an tura wa otal, sai dai in jira wani ya maye gurbina.

Na ce wa dillali ya dakatar da maganar fili. Yanzu dubu 400 ɗin nan fa? Ta banki na tura, ina da shaidar, kuma saƙonnin muryarsa na WhatsApp inda yake cewa za a juya bizar duk suna nan.

Abu_Khalid_Riyad:

Alhamdulillahi da fasfo ya dawo. Kar ka goge saƙo ko ɗaya, ka tura su wata wayar ma, ka buga shaidar bankin a takarda. Ku fara da wanda ya haɗa ku, a zauna gaban mai unguwa ko wani dattijo da yake jin kunyarsa, ya rubuta ranar da zai biya ya sa hannu. In ya ƙi, ka kai wa 'yan sanda, kuma ka leƙa ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, na Kano da saƙonnin muryar, tura mutane waje da alƙawarin aikin ƙarya yana cikin abin da suke bi.

A gefe guda ka ɗauki hotunan ayyukanka, musamman in ka taɓa yin manyan na'urori na otal ko asibiti, don su kamfanonin nan suka fi nema, ba na taga ba. Ka nemi takardar shaida daga wuri biyu ko uku da ka yi wa aiki. Ka taɓa taɓa chiller, babbar na'urar sanyaya gini gaba ɗaya, ko iya split, AC na ɗaki, kake yi?