Zan kai Hajiya asibiti Alƙahira, ta ina zan samu dala?

Baban Khairat: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa. Hajiyarmu ta shekara uku tana fama da gwiwa, yanzu ko salla a zaune take yi. Likita a nan Kano ya ce sai aiki. Mun tura hotunan wani asibiti a Alƙahira, sun ba mu rana nan da mako uku. Biza ta fito, tikiti ma mun yanka. Fili muka sayar, ƙannena suka cika, kuɗin suna asusuna a naira. Aiki da masauki da abinci na wata guda za su ci wajen dala 8,000.

Ni ban taɓa fita ƙasar nan ba, ko Maraɗi ban sani ba. Wasu sun ce in tafi Wapa, kasuwar 'yan canji ta nan Kano, in sayi dalar kawai, wasu sun ce banki. Shi kuma tafintan da aka haɗa mu da shi can ya ce kada in wahalar da kaina, in tura naira wani asusu a nan, idan mun sauka ya ba ni fam ɗin Masar. Wallahi barci ya gagare ni, domin idan kuɗin nan suka salwanta ba mu da wani filin. Kuma in saya yanzu ne, ko in jira ko dalar za ta sauko?

Abu Safwan: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya. A banki nake aiki, ga abin da na sani. Matafiyi yana da damar neman kuɗin guzuri, wato PTA, har dala 4,000 duk wata uku. Ana cike Fom A, wato takardar neman kuɗin waje, ta intanet, a haɗa da fasfo da biza da tikitin zuwa da dawowa da BVN. Idan Hajiya tana da nata asusun, ita ma za ta iya nema da sunanta. Amma a Fabrairun 2024 Babban Banki ya hana bankuna ba da shi tsaba, ya ce a kati za a riƙa zuba wa mutum. Kuɗin aikin kuwa ana iya biyan su kai tsaye cikin asusun asibitin, idan ka kawo takardar lissafinsu da wasiƙar likitan da ya tura ku.

Kada dai ka sa ran rangwame irin na da. An haɗe farashin canji a Yunin 2023, kuma daga baya a 2024 tazarar banki da kasuwa ta zama kaɗan. Ribarka a banki ita ce takarda da shaida. Gobe da safe ka je reshenku, saboda ƙa'idojin suna yawan sauyawa, kuma takarda ɗaya kan riƙe mutum mako guda.

Ɗan Fagge: Malam, a Wapa na tashi, shekarata goma sha biyar a canji, kuma ba zan ce ka kawo mana duk kuɗinka ba. Na asibiti ka bi ta banki kamar yadda Abu Safwan ya faɗa. Amma dole ka riƙe tsaba a hannu, domin kati yakan ƙi aiki a ranar da ka fi buƙatarsa. Dala dubu biyu ko uku sun isa.

Idan za ka zo, kada ka tsaya wa masu tare motoci a bakin titi. Ka shiga shago mai lasisi, ka zo da wanda ya san kasuwar. Ka tambayi farashi wuri uku. A ƙirga maka dalar a gabanka, ta shiga hannunka, sannan ka tura naira, kuma asusun kamfanin za ka tura, ba na wani yaro ba. Ka karɓi rasit.

Sai batun takardar kanta, nan ne baƙi suke faɗawa. Ka ce 'yar ɗari kake so, sabuwa mai shuɗin zare a tsakiya, wadda ta fito a 2013. Duk arhar da za a yi maka kada ka karɓi ƙaramin kai, wato tsohuwar da aka buga kafin 1996. A Amurka tana nan da darajarta, amma a wajenta sai a ƙi karɓa ko a karya maka farashi. Haka wadda ta yage, ko aka buga mata hatimi, ko aka yi rubutu da biro. Ka duba su ɗaya bayan ɗaya, ba abin kunya ba ne, mu ma haka muke yi wa junanmu. Ka haɗa da 'yan ashirin da goma kaɗan na mota da ruwa ranar sauka.

Jira kuwa, a'a. A Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwa, zuwa Afrilu ta dawo wajen 1,100, daga baya ta sake hawa. Mu da muke kwana a ciki mun sha asara a lokacin. Kai ba ciniki za ka yi ba, jinya za ka, kuma an riga an ba ku rana. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, sayi rabi wannan makon, rabi mako mai zuwa.

Maman Walid: Ɗan'uwa, don Allah kada ka tura wa tafintan nan ko sisi. Na kai maigidana can bara. Namu tafintan ya karɓi kuɗin gwaje-gwaje ya ce shi zai biya, sai ranar sallama muka ga ainihin takardar asibiti, kusan ninki ya ɗora mana. Akwai na kirki a cikinsu, ɗalibai 'yan gida masu tsoron Allah, amma ka yi tsadar aikinsa daban, kai kuma ka je wurin mai karɓar kuɗi da ƙafarka. Canji ma a banki ko shagon canji na hukuma za ka yi, da fasfonka. Tun da suka saki farashin fam a Maris 2024 babu wata riba a bayan fage, kuma laifi ne a dokarsu. Ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan, don ragowar fam ba ta da kasuwa a nan.

Na Kwari: Maman Walid, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mu 'yan kasuwa da irin wannan tura kuɗin muke sayo kaya shekara da shekaru.

Maman Walid: Ku kun san gidan mutumin da iyayensa, Alhaji. Shi wannan ko fuskarsa bai taɓa gani ba.

Malam Abu Hafsa: Ƙari kaɗan. Asalin musayar kuɗi da kuɗi a shari'a hannu da hannu ne, a karɓa a mazauni guda. Ka ba da naira yau a ce sai bayan mako uku za a ba ka fam, wannan akwai magana a kansa. Shiga kati ko asusu nan take kuwa malamai da dama na wannan zamani sun ɗauke shi a matsayin karɓa.

Abu Safwan: Na manta: tsabar da ta haura dala 10,000 dole a bayyana wa kwastam a filin jirgi, nan da can. Naku bai kai ba. Ku dai raba, wani a jikinka, wani a lalitar Hajiya, kada ko ɗaya ya shiga akwatin awo.

Baban Khairat: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yau na je banki, sun karɓi takardar asibitin, saura wasiƙar likitanmu, gobe zan karɓo. Na kira tafintan na ce da kaina zan biya, ya faɗi ladansa kawai. Ya yi shiru, ya ce zai kira ni, har yanzu bai kira ba. Maman Walid, idan akwai ɗalibin da kika yarda da shi a can, a taimaka a haɗa mu. Ɗan Fagge, zan shigo Litinin bayan Azahar tare da kawuna. Hajiya ta ce a gaishe ku duka, a kuma sa ta a addu'a.