Za ni kai Inna Masar ganin likita, mi ya kamata in sani?

Daga Birnin Kebbi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Innarmu ce ciwon gwiwa ya hana ma sallah tsaye shekara biyu ke nan, shi ne munka yanke shawarar kai ta Alƙahira cikin Janairu in Allah ya yarda, ni kuma ban taɓa wuce Yamai ba. Waɗanda sunka taɓa zuwa don Allah ta ina ake farawa?

Daga Gusau:
Wa alaikumussalam, Allah ya ba Inna lahiya. Na zauna can lokacin karatu a Azhar. Fara da fasfo, ya zan da sauran aƙalla wata 6 gare shi, biza kuma ofishin jakadancinsu na Abuja, ka haɗa da takardar asibitin da zai karɓe ta. Katin rigakahin shawara kar a baro shi gida. EgyptAir na tashi daga Kano da Abuja kai tsaye, kusan awa 5. Amma malam abin da nika son ka riƙe shi ne sanyi, mutane na jin Masar sai su ɗauka rana ce kawai, alhali Janairu da dare yakan sauka wajen digiri 10, ga gidajensu tayil ne ƙasa, in ka taka da asuba har cikin ƙashi kake jin shi, bare tsohuwa mai gwiwa. Ka sai mata safa mai kauri da suwaita tun daga nan, ya hi hunturunmu nisa.

Daga Argungu:
Yaya mu bara munka je da maigida. Ka riƙe dala, ka canza kaɗan-kaɗan banki zuwa fam ɗinsu, su gine suke ce mashi. Layin waya nan hilin jirgi za ka saya da fasfo, Vodafone ko Orange. Ka sa Uber a waya, don mu ranar farko wani mai tasi ninki ukku ya karɓa hannunmu saboda ba mu yi ciniki ba kahin mu shiga. Juma'a da Asabar ne hutunsu, kar ka sa ganin likita ranakun nan. Sannan ka tai mata da garin kunu da kuka da yaji, tsohhinmu ba su jure burodi da wake kullum.

Daga Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam na Gusau, masauki hwa, wace unguwa?

Daga Gusau:
Madinatu Nasr, wajen Hayyul Ashir, nan ɗalibanmu sunka hi yawa, za ka samu mai yi maka tafinta. Ka nemi gida mai lif ko hawan ƙasa saboda ƙafar Inna.