Wace kalma za mu ba wa "resilience" a Hausa?

Ɗan Auyo: Salamu alaikum jama'a. Malaman jami'a da ke fita ƙauyuka wayar da kan manoma ba sa rabuwa da kalmar resilience, musamman tun ambaliyar 2022 da ta cinye gonakin shinkafa daga Ringim har Auyo da Miga da Kirikasamma. Ko shirin nan na ACReSAL da Bankin Duniya ya zuba wa dala miliyan 700 saboda jihohin Arewa 19 da Abuja, a cikin cikakken sunansa na Turanci take. Amma tafinta kowa da abin da yake faɗa, wannan ya ce juriya wancan ya ce jajircewa. Ni malamin gona ne, kalma nake so wadda zan faɗa a ƙofar gidan mai gari a gane nan take.

'Yar Ringim: Wa alaikumus salam Malam. Ai juriya ce, ita muke ji a rediyo, me za a tsaya nema kuma?

Ɗan Auyo: Hajiya gwada ki gani. Mutumin da ruwa ya shafe wa gona ki ce masa "sai a ƙara juriya", wallahi ta'aziyya yake jin kin yi masa, zai ce to ya za a yi, Allah ya mayar da alheri, ya tashi ya tafi. Alhali abin da ake koyarwa aiki ne tun ruwa bai zo ba, a yi gayya a ɗaga jinga, a yashe hanyoyin ruwan da ciyawar kachala ta toshe, a saurari hasashen damina na hukumar yanayi ta NiMet kafin a yi shuka, a ɗauke rumbu daga kwari a kai tudu, masu fadama kuma su nemi irin shinkafa kamar FARO 66 da FARO 67 da ke iya yin kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa su sake tashi. Duk wannan ina juriya ta kama shi?

Manomin Kura: Gaskiyarka ɗana. Mu a 2016 tsutsar sharon ta yi mana kaca-kaca da tumatir a Kadawa da Kura da Garun Malam, juriya kam kowa ya yi tunda ba yadda ya iya. Amma da shekara ta zagayo wa ya koma gona? Wanda ya haɗa da albasa da masara, mai 'yan tumaki biyu uku a gida, wanda matarsa ke adashi. Wanda ya zuba komai a tumatir kuma bashi ya kore shi cirani. Ni da za a bi tawa murmurewa za a ce.

'Yar Ringim: Baba murmurewa ai ta majinyaci ce, sai a zaci garin ne ya tashi daga zazzaɓi 😄

Ɗalibin BUK: A aro ta kawai mana, kamar yadda muka ari yuriya da tarakta. A ce riziliyans shi ke nan.

Ɗan Auyo: Ƙanena yuriya a buhu take zuwa, tarakta ana ganinta tana huɗa, ko ba a fassara ba ido ya fassara. Wannan fa ba abin nunawa da yatsa ba ce. Kuma ku da ke da cibiyar binciken noma a wuraren ƙarancin ruwa a jami'arku, da mutanen cibiyar NAERLS ta Samaru da aikinsu ke nan kai sakamakon bincike ga manomi, idan maganar ta tsaya a Turanci to a ofis ta kwana.

Malamar makaranta daga Haɗeja: Ku bari in sa baki. Tanadi ta ɗauki abin da ake yi kafin, juriya ta ɗauki lokacin da ake ciki, farfaɗowa ta ɗauki bayan. Farfaɗowa kaɗai ba ta isa ba don sai an faɗi ake farfaɗowa. Amma in aka ce ƘARFIN FARFAƊOWA, ƙarfin nan ai tun kafin faɗuwar ake tara shi, rumbu da jinga da adashi da iri duk sun shiga. Ku ji: "Garin da ke da gayya ya fi ƙarfin farfaɗowa." "Shirin zai ƙara wa manoman fadama ƙarfin farfaɗowa daga ambaliya." Don Allah dai kar wani ya zo mana da "gina ƙarfin farfaɗowa", ba katanga ba ce, ƙara shi ake yi.

Manomin Kura: Ta zauna a baki. To shi iri fa Malama? Gero shi ma ƙarfin farfaɗowa gare shi?

Malamar makaranta daga Haɗeja: A'a Baba, nan juriya na nan daram, iri mai jure fari, iri mai jure ambaliya. Gari da gida da jama'a su ne masu ƙarfin farfaɗowa.

Ɗan Auyo: Madalla, na ɗauka. Jama'a ƙarfin farfaɗowa, iri da dabba juriya. Da ita zan yi taron manomanmu na gaba, in tsofaffi suka yi mini gyara zan dawo da shi nan.

Ɗalibin BUK: Ni dai har yanzu ta yi mini tsawo a kan allon sanarwa, amma na bi.

'Yar Ringim: Sai ka sa a faɗaɗa allon.