Tsofaffin da nake tuƙawa za su koma gida: mota zan karɓa ko kuɗi?

Direban Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don abin ya hana ni barci. Shekara 19 ke nan ina tuƙa wasu tsofaffin 'yan mishan, mata da miji. A Marwa, a arewacin Kamaru, muka fara, sai a 2014 da aka sace limaman coci biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada aka ce duk Turawa su sauko, muka dawo Garwa. Yanzu saura wata uku su koma ƙasarsu gaba ɗaya. Baba ya kusa 70, Mama kuma gwiwa ta matsa mata.

Gidan ya zama wani iri. Da asuba in na dawo daga masallaci zan tarar da su a baranda suna karatun littafinsu da Fulatanci, kamar kullum. Amma daga nan sai tsince-tsince. Baba ya zauna da kwalayen takardu na shekara 30, wannan a ajiye, wannan a ba matasan da za su gaje shi, wannan a ƙone. Wani lokaci hoto ɗaya zai riƙe har shayinsa ya huce. Mama ta raba keken ɗinki da tukwane, ta rubuta sunan kowa a jikin abin da zai ɗauka. Da la'asar masu ban kwana ne, wani da zabi, wani da buhun gyaɗa, wata tsohuwa ta zo da tabarma tun daga wajen Gidar, alhali akwati biyu-biyu kawai jirgi zai ɗaukar musu. Duk mako kuma sai mun fita ƙauye guda, a wannan zafin, ya ce yana so ya ga rijiyoyin da aka haƙa da kaburburan abokansa kafin ya tafi.

Shekaranjiya a hanya ya ce min in zaɓa: ko in riƙe motar, Hilux ce ta 2009, ta ci hanya sosai amma ni na san lafiyarta, ko su ba ni sefa miliyan 3 in ja jari. Takardun motar da sunan mishan suke, ba da sunansa ba. 'Ya'yana shida, gidan haya nake. Wanne zan ɗauka? Kuma ta yaya zan ce masa a rubuta ba tare da ya ga kamar ina jiran tafiyarsa ba? Wallahi kunyarsa nake ji.

Makanikin Yelwa: Wa alaikumus salam. Ɗauki mota mana, har wani tunani ne? Hilux ta 2009 ko a yau ka kai ta kasuwa miliyan 7 ba a yi maka ciniki ba. Motar 'yan mishan kuma ba a wasa da juyen mai.

Ɗan Kusiri: Miliyan 7 a ina? Watan jiya a gabana aka sayar da irinta miliyan 4 da rabi, ita ma sai da mai ita ya yi rantsuwa.

Makanikin Yelwa: Waccan ka san ko gishirin hanyar Turai ya cinye ƙasanta? Ni ƙarƙashin mota nake kwana, kai a gefen titi kake ganinta.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana karɓi kuɗi. Mota ci take yi kamar mutum. Taya huɗu, inshora, ga jandarma a hanya. Ni da jaka 200 na fara, ga shi na aurar da 'ya'ya uku da wannan sana'ar.

Matashin Domayo: Kawu ka nemi su tafi da kai kawai, ka je ka tuƙa su a can 😂

'Yar Kuku: Ku yi haƙuri zan yi tsawo, don wannan maganar ta taɓa min tsohon miki. Yaya Direba, ka bar zancen wanne ya fi tsada. Abin da za ka tambaya shi ne wa zai tsaya maka ranar da jirginsu ya tashi.

Mahaifina ya yi wa wasu 'yan mishan girki shekara 27. Ba zan faɗi gari ba, ba zan faɗi cocin ba. A bayan gidansu aka haife mu duka, a wani fili da suka ba shi ya gina ɗaki uku da kuɗinsa, bulo bayan bulo. Mutanen kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsu ba. Matar ce ta karɓi haihuwata. Watanninsu na ƙarshe haka suka yi, yadda ka faɗa ɗin nan, kuka da rabon kaya da liyafar ban kwana kusan kowace Lahadi. A wajen liyafar ƙarshe tsohon ya miƙe a gaban jama'a ya dafa kafaɗar mahaifina ya ce wannan wuri nasa ne shi da 'ya'yansa. Aka yi tafi. Mahaifina ya dawo gida yana share hawaye, inna ta ce masa Malam ka ce a rubuta, ya ce ta yi shiru, ba za a ji shi yana neman takarda a wajen mutumin da ya ci gishirinsa shekara 27 ba.

Shekara biyu ba abin da ya faru. A ta uku aka canja shugabanni, sabon kwamiti ya ce filin na coci ne, suna so su ƙara ajin makaranta. Suka fito da takardar mallaka, gaskiya ne filin duka yana cikinta. Mutanen da suka yi tafi ran nan, wasu sun mutu, wasu suka ce ba su tuna ba. Muka rubuta wa tsohon wasiƙa, 'yarsa ce ta amsa, ta ce yana gidan kula da tsofaffi, ko ita ba ya ganewa. Aka ba mu wata uku. Na ga mahaifina yana cire kwanon rufin ɗakinsa da hannunsa, yana da shekara 64. Bai ƙara shekara biyu a duniya ba. Har yau in na bi ta wajen ina ganin mangwaron da ya shuka.

To kunyar nan da kake ji, ita ce ta fitar da mu daga gida.

Hajiya Mai Atamfa: Innalillahi. Allah ya jiƙan Malam, ya sa haƙurinsa ya bi shi.

Ɗan Kusiri: Haka suke dama. Ka yi musu bauta su tafi su bar ka.

Tsohon Mai Bishara: Ɗana, ka sassauta harshe. 'Yata ma da abin ya shafa ba ta faɗi haka ba. Na yi shekara 35 ina aiki tare da irin waɗannan mutane, na raka da yawa filin jirgi. Abin da na lura shi ne, tsohon ɗan mishan a watanninsa na ƙarshe ya riga ya sauka daga mulki ko da yana zaune a gidan. Tun da aka miƙa wa cocin ƙasa gidaje da filaye da motoci, shi baƙo ne. Zai yi alkawari da zuciya ɗaya a kan abin da ba nasa ba, bai ma sani ba. Ga hankalinsa ya rabu: yana tunanin ɗan ɗakin da 'ya'yansa suka kama masa, da sanyin da ya manta, da jikokin da ba su san shi ba. Wani ya ce min a can ne zai zama baƙo, don ko cefane bai iya ba a ƙasarsu. Ba duka ke son tafiya ba. Monsinyo Plumey, bishop ɗin Katolika Bafaranshe da ya zo a 1946, bai koma ba, a Ngaundare ajali ya same shi a 1991. Su kuwa masu iyali, lafiya da 'ya'ya ke janye su.

Direba, maganar ba da Baba kaɗai za ka yi ba. Ka ce masa ku je tare wurin wanda ke riƙe da dukiyar mishan, a zauna a rubuta yana nan da ransa da hankalinsa.

Ɗan Kusiri: Baba kai ɗan gida ne, dole ka kare su. Wanda aka kora ne zai ba da shawara, ba wanda ya zauna a kwamiti ba.

Tsohon Mai Bishara: Ban taɓa zama a kwamitin dukiya ba. Ni ma gidan haya nake a yau.

Malamin Lakwal: Ku tsaya, duk an bar abin da mutumin ya tambaya. Ya ce takardun da sunan mishan suke. Abu na farko, a duba yadda motar ta shigo ƙasa. Motocin mishan da ƙungiyoyi da dama ana shigo da su da sassaucin duwan, wato harajin kwastam. In irin wannan ce, ba a mayar da ita sunan mutum sai an daidaita da duwan, kuma kuɗin na iya cinye ribar da Makaniki ke lissafawa. In kuma an biya tun farko, to takardar sayarwa ko ta kyauta ce daga mai sa hannu a madadin mishan, a buga mata hatimi, a canja takardar mota zuwa sunanka kafin su tafi. Game da labarin 'yar uwarmu, tun dokar filaye ta 1974 takardar mallaka ce hujja a ƙasar nan. Magana a gaban taro, ko mutum dubu ne suka ji, ba ta ture ta.

Ɗan Jimeta: A nan wurinmu canjin suna bai fi kwana biyu ba, ka samu wani a ofis ka ba shi na goro shi ke nan.

Malamin Lakwal: Kai kana Najeriya, dokarku daban. Kar ka jefa mutum a rami.

Ɗan Jimeta: Binuwai ɗaya muke sha fa.

Matashin Domayo: To shi karen gidan wa aka rubuta wa? In ba mai so ina nan, na ji karnukan Turawa madara suke sha 😂

Direban Garwa: Mai gadi ne zai riƙe shi, Mama ta riga ta rubuta. Yaya 'Yar Kuku, labarinki ya sa jikina ya yi sanyi, Allah ya gafarta wa Baba. Malam, ban san yadda motar ta shigo ba, ni dai na je Duwala na tuƙo ta. Zan duba takardun gobe.

Makanikin Yelwa: Ko da duwan ɗin ne bai wuce jaka 800 ba a tsohuwar mota irin wannan.

Ɗan Kusiri: Wani abokina miliyan 2 aka yanka masa.

Hajiya Mai Atamfa: Kun gani? Kuɗi ba a tambayar sa takarda. Amma miliyan 3 a shekara 19 bai yi kaɗan ba?

Tsohon Mai Gadi: Hajiya kin zo inda nake jira. Direba, wannan miliyan 3 ɗin kyauta ce daga aljihunsu, ko haƙƙinka na sallama ne suka haɗa a ciki? Abu biyu ne daban. Sannan kana da lambar CNPS, hukumar fanshon ma'aikata? Ana biya maka kowane wata? Ni na yi gadi shekara 22 a wata tashar mishan. Kullum ana cire wani abu a albashina, ana ce min na tsufa ne. Da na cika 60 na ɗauki takarduna na tafi, aka duba aka ga shekara 9 kawai aka biya min. Fansho kuwa sai kana da wata 180, shekara 15 ke nan. Turawan da suka ɗauke ni sun tafi tuntuni, akawun da ke karɓar kuɗin ya rasu. Wa zan kama?

Malamin Lakwal: Baba ka je wurin sufeton ƙwadago? In kana da takardun albashi da ke nuna an cire, laifin yana kan mai aikin, kuma mishan ɗin ai tana nan ko da mutanen sun canja.

Tsohon Mai Gadi: Takardun farko ruwa ya ci su a ambaliyar 2012. Na shekara shida ne suka rage.

'Yar Kuku: Mahaifina ko lamba ba a taɓa yi masa ba. A hannu ake ba shi ƙarshen wata, ya sa hannu a wani littafi. Littafin ma ban san inda ya shiga ba, wataƙila yana cikin irin takardun da ake ƙonawa in za a tafi.

Tsohon Mai Bishara: Mu masu wa'azi na ƙauye haka muke. Na fara aiki da keke da buhun dawa biyu a shekara. Ba wanda ya yi maganar fansho, don a lokacin ana ganin kamar rashin bangaskiya ne ka tambaya. Waɗanda suka zo daga waje cocinsu na can na tara musu, mu ba wanda ya tara mana. Ba na jin haushin kowa, amma na faɗa a taro, kuma zan ci gaba da faɗa.

Ɗan Kusiri: Ashe kai ma an taɓa ka Baba. Ka yafe min maganar ɗazu.

Hajiya Mai Atamfa: Ba 'yan mishan kaɗai ba ne fa. Direbobin Alhazai nawa ne a kasuwar nan ke da wannan lamba? Ƙanena shekara 16 yana jan tirela tsakanin Ngaundare da Njamena, ranar da idonsa ya samu matsala buhun shinkafa ɗaya aka aiko masa.

Matashin Domayo: Yanzu ai mutum na iya biya wa kansa, na ji masu acaba ma suna shiga.

Malamin Lakwal: Haka ne, tun 2014 aka buɗe wa masu zaman kansu. Amma wannan ba ya goge abin da mai aiki ya ci.

Direban Garwa: Ina da lamba, Mama ce ma ta kai ni aka yi min a Marwa. Amma ban taɓa zuwa na duba ko ana biya ba, musamman bayan mun dawo Garwa da aka canja mai biyan albashi. Batun ko kyauta ce ko haƙƙi, wallahi ban tambaya ba. Yau da yamma na so in fara maganar, na shiga na tarar da shi zaune a ƙasa yana naɗe taswirar ƙauyukan da muka zaga, ya ce in zo in nuna masa inda muka kwana a rafi shekarar da mota ta kafe. Muka yi ta hira har magariba, na fito ban ce komai ba. Jibi za mu Gashiga, tafiyar ba nisa, mu biyu ne a motar.

'Yar Kuku: Ka faɗa masa a hanyar zuwa, kar ka bari sai dawowa.

Tsohon Mai Gadi: Malam, takardun shekara shidan nan, in na kawo maka za ka iya duba min su? A wace unguwa kake?