Hilux mai kilomita 380,000 tana shan baƙin mai: a saya ko a haƙura?

Mai Akori-kura

Assalamu alaikum masana. Akwai wata Hilux ta fetur da aka sa a kasuwa, ƙirar 2010, mai injin 2TR. Mita ta nuna kilomita 380,000. Mai ita bai yi rufa-rufa ba, ya ce tana shan kusan lita ɗaya na baƙin mai a kowace kilomita 1,500, kuma da safe in an tayar da ita takan yi ɗan hayaƙi sannan ya ɗauke. Aikin da ake so ta yi shi ne jigilar buhunan hatsi daga ƙauye zuwa kasuwa, kan hanyar burji. Wannan shan man alama ce ta inji ya kusa bugawa, ko abin da za a iya lallaɓawa ne? Me za a duba kafin a ƙirga kuɗi?

Tsohon Bakanike

Wa'alaikumus salam Malam. Kar ka ɗauki lissafin mai mota tukuna, auna da kanka. A yi juye, a zuba mai daidai layin sama na geji (2TR na ɗaukar kusan lita 5 da rabi idan an haɗa da sabuwar filta), a rubuta lambar mita. Bayan tafiyar kilomita 500 a ajiye ta a wuri mai daidai, a kashe, a jira minti biyar, a sake aunawa. Daga layin ƙasa zuwa na sama bai wuce lita ɗaya da rabi ba, saboda haka za ka iya ƙiyasta abin da ya ragu.

Sannan ka raba tsakanin man da ke zuba da wanda ke ƙonewa, domin kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne. A wanke injin tas, a yi tafiya, a shiga ƙarƙashi da tocila. Wuraren da suka fi yoyo su ne gasket na murfin saman inji, sil na gaban karanshaf, da sil na baya inda inji ya haɗu da giya. Na bayan nan sai an sauke giya kafin a kai gare shi, amma har yanzu ƙaramin aiki ne in aka kwatanta da buɗe inji.

Hayaƙin ma yana da magana. Shuɗi-shuɗi da safe kawai, wanda ke ɗaukewa bayan daƙiƙoƙi, yawanci sil na bawul ne suka bushe, mai ya riƙa ɗiga cikin silinda cikin dare. Wanda ke fitowa lokacin da aka taka totur da kaya a baya, ko a kan hawa, wannan ringi ne, wato zoben da ke jikin fistin. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto yana raguwa, gasket na tof (kan inji) ne, kuma wannan wata magana ce daban.

Abin da zai raba gardama shi ne awon kwamfireshan, wato matsin iska a cikin silinda, wanda ake aunawa da psi. A ɗumama inji, a cire filogi huɗun, a danne totur har ƙasa, a auna kowace silinda. Lafiyayyen 2TR na ba da kusan psi 178, mafi ƙarancin da aka yarda da shi 128, kuma bambancin silinda da 'yar'uwarta kar ya wuce 10. Wadda ta yi ƙasa, a ɗiga mata mai cokalin shayi ɗaya ta ramin filogi a sake aunawa. In ta tashi sosai, ringi ne ko silindar ta cinye. In ta tsaya inda take, bawul ne. Abin da ka bayyana ya fi kama da sil na bawul, kuma ana iya canza duka 16 ba tare da an sauke tof ba, in bakaniken yana da abin hura iska cikin silinda don riƙe bawul ɗin.

Mai Sifana

Oga ya gama magana a kan awo. Abu uku zan ƙara, masu arha da ake tsallakewa.

Akwai ɗan bawul na numfashin inji a jikin murfin sama, wanda ake kira PCV. In ya toshe, iska na taruwa a cikin inji ta tura mai ta kowane sil; in ya maƙale a buɗe, inji ya riƙa zuƙar man yana ƙonawa. Cire shi ka girgiza, in ba ka ji ƙaras-ƙaras ba, canza shi. Inji nawa aka sauke a banza saboda wannan ɗan abin.

Na biyu, cire bututun da ya tashi daga filtar iska zuwa inji ka shafa yatsa a ciki. In ka ji ƙura kamar gari, to injin ya daɗe yana shaƙar ƙasa, kuma ƙura ce ke cinye ringi fiye da yawan kilomita. Motar da za ta yi burji a lokacin hunturu, filtarta ba ta jiran ranar juye. Hure ta da kwamfiresa mai ƙarfi kuma yaga takardar yake yi, ko ido bai gani ba.

Na uku, duba ko tamostat na nan. An saba cire shi da sunan maganin zafi, alhali shi ke riƙe inji a kusan digiri 82. Ba shi, inji na daɗewa a sanye, fetur na wanke man jikin silinda, mai kuma ya yi kunu. Buɗe murfin zuba mai ka haska: in ka ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta, an daɗe ana wuce lokacin juye.

Na Bakin Tasha

Alhaji, ba sai an wahala ba. A zuba mata baƙin mai mai kauri, lamba 20W-50, shan zai ragu. Da zafin garin nan mai kauri ya fi.

Tsohon Bakanike

Zai ragu kaɗan, gaskiya ne, amma rufe ciwo ne. 2TR na da VVT-i (tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul), kuma tafet ɗinsa (masu daidaita bawul) da matsin mai suke aiki, ta ƙananan ramuka. Mai mai kauri na jinkirin isa sama da safe, lokacin da inji ya fi cin kansa. Ga inji mai wannan shekarun, 10W-40 ko 15W-40 na gaske ya wadatar, juye duk kilomita 5,000 da sabuwar filta. Maganar “na gaske” ita ce babba, don man da aka ɗura a tsohon galan ya fi kowane kuskuren lamba ɓarna. Littafin Toyota kansa ya sa iyakar shan mai a lita ɗaya cikin kilomita 1,000, don haka wannan motar ba ta kai layin ba. Haɗarin shi ne mantuwa: tsakanin juye biyu za ta sha sama da lita uku, fiye da rabin abin da ke cikinta. Ran da fitilar mai ta kama a kan hanya, metal (abin da karanshaf ke juyawa a kai) ya riga ya fara ci. A riƙa duba geji duk shan fetur, galan kuma na bayan kujera.

Mai Akori-kura

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Akwai kuma wata Hilux mai shan gas (dizal), injin 2KD, kilomitarsu kusan ɗaya. Ita ma haka za a duba ta?

Mai Sifana

Akwai bambanci, Malam. Wajen haɗa juyin karanshaf da buɗewar bawul, 2TR sarƙa gare shi, 2KD kuwa bel, kuma ana canza shi duk kilomita 150,000 tare da abin ɗame shi. Fitilar T-BELT, mai tunatar da canza bel ɗin, ana iya kashe ta ba a canza komai ba, saboda haka a buɗe murfi a gani da ido. In ya tsinke, fistin da bawul ne za su haɗu.

Cire bututun da ya fito daga tobo, wato abin da ke tura ƙarin iska cikin inji. Ɗan danshin mai ba komai ba ne, amma in mai ya kwanta, tobon na zubarwa. Sai wasan jan ƙarfe da ke ƙarƙashin kowace nozul (mai feshin gas cikin silinda): in suka fara yoyo, hayaƙi na shiga cikin mai, ya zama gawayi, ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, inji ya buga alhali geji na nuna mai a cike. Kafin ciniki a zubar da man, a leƙa rariyar ta ramin juye da ƙaramar kyamara, ko a sauke kaskon ƙasa. Nozul ɗinta huɗu kuma ba sa jure gurɓataccen gas, ga tsada. In a ƙauye za a riƙa sayen mai a jarka, ta fetur ɗin ta fi sauƙin riƙo. Ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka ka ji kuɗin sil na bawul, gasket da PCV, ka cire shi daga farashin da aka sa mata.